Hattara Dai Mai Sayen Gida

Babu wani ciniki da yawancin mutane ke yi a rayuwarsu wanda ya kai sayen gida girma. Ma'aikaci yakan shekara ashirin yana tari, ɗan kasuwa ya rage jarinsa, manomi ya sayar da shanu, mace ta haɗa kuɗin adashi da na gadon mahaifinta, duk domin a sami wurin sa haƙarƙari ba tare da fargabar mai gidan haya ba. Amma abin baƙin ciki shi ne, mutumin da zai yini yana taya rago a kasuwa, yana duba haƙoransa yana shafa bayansa, shi ne kuma zai ƙirga miliyoyin Naira ya miƙa a kan gidan da bai san tarihinsa ba, don kawai dillali ya ce masa akwai wani mai saye yana nan tafe da yamma. Kotunan ƙasar nan cike suke da shari'o'in gidaje da filaye, waɗansu har masu ƙara su mutu 'ya'yansu su gaji shari'ar. An rubuta wannan bayani ne domin wanda bai taɓa sayen gida ba, ko a Kano yake, ko a Legas, ko Fatakwal, ko Abuja, ya san wuraren da na gabansa suka yi tuntuɓe.

Mene ne kake saye?

Kuskure na farko shi ne rashin sanin abin da ake saye. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin da Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, dukkan ƙasar da ke cikin kowace jiha tana hannun Gwamnan jihar ne, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Watau abin da mutum ke da shi izini ne na zama da amfani da wurin. A birane Gwamna ke ba da wannan izini, a karkara kuwa ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izini irin na gargajiya. Takardar da ke tabbatar da izinin Gwamna ita ce takardar shaidar mallaka, wadda jama'a ke kira satifiket, kuma galibi ta gidan zama shekara 99 ake rubutawa a cikinta. Wannan doka tana nan daram, domin an cusa ta cikin Tsarin Mulkin 1979, aka kuma maimaita a na 1999. Ga mutanen Arewa abin ba baƙo ba ne ƙwarai, gama dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta yi kama da haka.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sashe na 22 na dokar ya ce wanda ke riƙe da izinin Gwamna ba shi da ikon sayar da shi, ko jinginar da shi, ko miƙa shi ga wani, sai da yardar Gwamna. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta takarda kurum. A shekarar 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda aka jinginar da gida a Legas ba da yardar Gwamna ba. Da bankin ya tashi sayar da gidan domin ya fanshe kuɗinsa, sai kotu ta ce jinginar ba ta ƙullu ba tun asali. In banki mai lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga malamin makaranta da ya sayi gida da rasit guda da shaidu biyu a zaure?

Mutane da yawa sukan karɓi satifiket ɗin mai sayarwa su adana a akwati, suna tsammani sun gama. Alhali kuwa sunan da ke jikin takardar, da wanda ke cikin littafin Hukuma, har yanzu na wancan mutumin ne. Waɗansu kuma sukan tsaya a kan takardar wakilci, domin gudun kuɗin da za a biya Gwamnati. Takardar wakilci izini ce da wani ya ba ka ka yi abu a madadinsa, ita kaɗai ba ta mayar da gida naka. Abin da ake bukata shi ne takardar cinikin da lauya ya tsara, wadda ta ce wane ya miƙa wa wane haƙƙinsa, a biya mata kuɗin kan sarki, a nemi yardar Gwamna, sa'an nan a yi mata rajista a ofishin ƙasa na jihar.

Bincike kafin biya

Kada ka ba da ko kwabo, ko da sunan kafin alƙalami ne, sai an yi bincike a ofishin ƙasa. Kowace jiha tana da wurin rajistar filaye, waɗansu kuma sun mayar da bayanansu cikin kwamfuta, kamar AGIS a Abuja, wadda aka kafa a 2003, da KADGIS a Kaduna, da KANGIS a Kano, da NAGIS a Nasarawa. A can ne za a gaya maka ko lambar takardar ta gaskiya ce, da sunan wanda aka ba, da ko an jinginar da gidan a banki, ko Gwamnati ta soke izinin, ko akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru da ba a biya ba. Ka nemi a ba ka sakamakon a rubuce. Ka kuma ɗauki lauyanka na kanka. Lauyan mai sayarwa, komai kirkinsa, mai sayarwa yake wa aiki, dillali kuwa la'adarsa ba ta fita sai ciniki ya faɗa, saboda haka ba shi ne zai ce maka ka dakata ba.

Har wa yau, ko satifiket na gaskiya ba ya wanke ciniki in tushensa ruɓaɓɓe ne. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta nuna cewa in wani yana da haƙƙi ingantacce a kan fili tun kafin a ba da satifiket, to takardar ba ta ƙwace masa haƙƙinsa ba. Domin haka tilas a bi salsalar gidan: wa ya fara mallakarsa, wa ya saya daga hannunsa, ina takardar kowane ciniki. In an sami giɓi a tsakani, a tsaya har a cike shi.

Bayan ofis sai unguwa. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci, ka gai da maƙwabta na dama da na hagu, ka tambayi masu haya in akwai, wa suke ba kuɗin haya. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi takan san abin da fayil bai sani ba. Amma fa a lura, hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani, ba ta kuwa maye gurbin rajista. Rubutun nan da ake gani a bangon gidaje a biranenmu, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, ba don ado ake yinsa ba. 'Yan damfara sun sha sayar da gidan da mai shi ke ƙasar waje, ko su sayar da gida ɗaya ga mutum uku. Lauya kuma ya leƙa kotunan yankin ya ga ko akwai ƙara a kan gidan, domin wanda ya sayi gidan da ake shari'a a kansa, hukuncin da aka yanke zai hau kansa. In kamfani ne ke sayarwa, a duba rajistarsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a kuma tabbata wanda zai sa hannu yana da izinin kamfanin.

Sa'an nan a kira safiyo mai rajista, ya ɗauki taswirar da ke jikin takarda ya gwada ta da ƙasa, ya nemo duwatsun iyaka ya karanta lambobinsu. An sha nuna wa mutum fuloti mai kyau a bakin titi, a ba shi takardar wani fulotin da ke can cikin kwari.

Gidan gado da filin dangi

A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ne mutanen kirki suka fi cutuwa, sau da yawa ma ba tare da wani ya yi niyyar zamba ba. Mutum ya rasu ya bar gida da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Babban ɗa, wanda takardu ke hannunsa, ya sa gidan a kasuwa. Mai saye ya ga takarda, ya ga ɗan marigayi, ya biya. Bayan shekara biyu sai ga wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari, ko ƙaramin yaron da ya balaga, sun kai ƙara cewa ba da saninsu aka sayar ba. A shari'ar Musulunci kowane magaji yana da rabonsa a cikin gidan, namiji da mace, babba da yaro, kuma ba wanda ke da ikon sayar da rabon wani sai da izininsa. Rabon maraya kuwa ba a taɓa shi sai ta hannun waliyyi ko wasiyyi, kuma abin da ya fi aminci shi ne a yi da sanin alƙali. Akwai kuma haƙƙin shufa'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana iya biyan kuɗin da aka saya ya karɓe kason. Hanyar tsira ita ce a nemi takardar rabon gado daga kotu, a san magada duka da sunayensu, kowa ya sa hannu ko ya aiko wakili da takarda. Inda ba a bi ta kotun Musulunci ba, a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci wadda Babbar Kotu ke bayarwa, a kuma tabbata waɗanda aka ambata a ciki su ne ke sayarwa. A tambaya kuma ko marigayin ya bar bashi, ko ya yi wasiyya, ko ya mayar da wani sashe na gidan waƙafi.

'Yan'uwanmu mazauna Kudu, na Sabo a Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Legas, da sauran wurare, su lura da wani abu makamancin wannan. A ƙasar Yarabawa da wurare da dama na Kudu, fili na dangi ne. Ƙa'idar da kotuna suka daɗe a kanta ita ce: in 'yan dangi suka sayar ba tare da shugaban dangi ba, cinikin rusasshe ne, in shugaban ya sayar a madadin dangi ba da yardar manyan gidan ba, suna da ikon zuwa kotu a warware. Saboda haka sai an haɗa shugaba da manyan kowane ɗaki. Akwai kuma waɗanda ake kira omo onile, watau 'ya'yan masu ƙasa, masu zuwa neman kuɗi a kowane mataki na gini. Jihar Legas ta yi doka a 2016 domin hukunta masu ƙwacen fili da irin wannan tatsa. Bugu da ƙari, Gwamnatin Legas ta karɓi manyan yankuna tun shekarun baya, ta yanke wa ƙauyuka wani ɓangare ta buga a gazet. Wanda zai sayi fili daga hannun dangi a can ya tabbata fulotinsa yana cikin ɓangaren da aka saki.

Abuja kuwa hukuncinta daban ne. Dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya a 1976 ta sa dukkan ƙasarsa a hannun Gwamnatin Tarayya, Minista ne ke ba da fili, kuma a shari'ar Madu da Madu ta 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa babu izinin mallaka na gargajiya a yankin. Takardar sarkin ƙauye a Abuja ba ta kare gini daga rusau. Waɗanda suka ga rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Ginin kansa

Sabon fenti yakan rufe aibi da yawa. Ka je da injiniya ko magini mai rajista, wanda kai ka ɗauko, ya duba harsashi da ginshiƙai, da tsagar bango, da katakon rufi ko gara ta ci, da wayoyin lantarki, da masai da inda ruwansa ke zuwa. Tsagar da ta bi bango a karkace, ko ƙofar da ta ƙi rufuwa, sau da yawa alama ce ƙasa na motsi a ƙarƙashi. In bene ne, lalle a ga takardar amincewa da tsarin ginin daga hukumar tsara gari, a ƙirga hawa nawa aka yarda a yi, hawa nawa aka yi. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum fiye da 40, a unguwar da ta fi kowace tsada yake.

Wanda ya ga gida da rani bai gan shi ba tukuna. In da hali, a koma da damina bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, a ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. In ba hali, a duba gindin bangon maƙwabta, ruwa yakan bar zanensa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nutsar da unguwanni a Lakwaja da garuruwan bakin Neja da Binuwai. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye babban ɓangaren Maiduguri. A Mayun 2025 kuma ruwa ya yi mummunar ɓarna a Mokwa. Fadama da tsohuwar hanyar ruwa da kududdufin da aka cike da shara sukan zo da araha, araha kuwa ba ta ado. Haka nan gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kan bututun mai, ko cikin iyakar babban titi ko hanyar jirgin ƙasa. Doka ta ba Gwamna ikon soke izini saboda bukatar jama'a, ana kuma biyan diyya a kan gini ga mai haƙƙi na halal. Wanda ya yi gini inda aka hana kuwa kada ya sa rai.

Sauran abubuwa kowa ya san su, sai dai ɗoki kan sa a manta: ruwan sha, nisan wurin aiki da kuɗin mota kullum, makaranta, asibiti, da zaman lafiyar unguwa. A je da rana, a kuma je da dare.

Lissafin kuɗi

Kuɗin gida ba shi ne wanda aka yi ciniki a kansa kaɗai ba. Akwai la'adar dillali, da ladan lauya da na safiyo, da kuɗin bincike, da na kan sarki, da na yardar Gwamna da rajista, waɗanda suka bambanta daga jiha zuwa jiha, ga kuma gyara da ɗaukar kaya. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan farashi, shi ne kan bar takardu ba rajista ya ce sai ya huta, hutun kuwa ya zarce har mai sayarwa ya mutu, a koma neman sa hannun magadansa. Ka tambayi ofishin ƙasa adadin waɗannan kuɗaɗe tun kafin ka taya. In kana shakkar farashi, akwai masu ƙiyasta darajar gidaje masu rajista, waɗanda dokar 1975 ta kafa hukumar da ke kula da aikinsu.

Ga mai niyyar cin bashi, ya san akwai Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda ya samo asali a 1956 ya kuma ɗauki sunansa na yanzu a 1977. Shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi yana iya neman rance ta hannun bankunan lamunin gidaje, a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin lokacin da bai wuce shekara 30 ba, gwargwadon shekarun da suka rage masa na aiki. Ma'aikata da yawa ana yankar musu wannan kuɗi shekara da shekaru ba su taɓa tambayar amfaninsa ba. Tun 2022 kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa ta yarda ma'aikaci ya ɗebi har kashi 25 cikin 100 na ajiyar fanshonsa domin biyan kason farko na lamunin gida, ko da yake ya kamata mutum ya tuna abincin tsufansa ne yake ɗiba.

Bari mu yi lissafi a fili. Rancen Naira miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 30, biyansa kusan Naira 60,000 ne a wata, jimla kuwa ta haura miliyan 21. Wannan rance ɗin, in a kan kashi 24 aka ɗauke shi, ruwansa kaɗai a farko Naira 200,000 ne a wata, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Irin wannan ruwa ba abin mamaki ba ne a bankunan kasuwanci, tun da a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5. Ƙa'ida mai kyau ita ce kada biyan bashin gida ya wuce sulusin abin da ke shigo wa mutum a wata, domin ciwo da kuɗin makaranta ba sa jiran a gama biya. Wanda ke ƙyamar ruwa saboda addini, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, na farkonsu Jaiz ya fara aiki a 2012. Amma a can ma a karanta yarjejeniya, a san jimlar abin da za a biya da abin da zai faru in an gaza.

A yi hattara kuma da gidan da ba a gina ba tukuna, wanda ake tallarsa da zane mai kyau ana karɓar kuɗi kashi-kashi. Akwai kamfanoni na gaskiya, amma cinikin biri a sama yana da haɗari. A ga takardar filin da sunan kamfanin, a je a ga gidajen da ya taɓa ginawa, a tambayi mazaunansu, a kuma rubuta ranar miƙa gida da yadda za a mayar da kuɗi in an saɓa.

Ranar biya

Kada a biya da tsabar kuɗi a cikin jaka. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar da ta wuce Naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki. Ko ba don doka ba, takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa ba ta mutuwa. A tura kuɗin cikin asusun mai gidan kansa, wanda sunansa ya yi daidai da na takarda, ba na dillali ko ɗan'uwansa ba. A karɓi takardu na asali a wurin, da makullai, a kuma rubuta ranar da masu haya ko iyalin mai sayarwa za su tashi. A duba bashin lantarki da na ruwa a cire daga farashi.

Sunan da za a rubuta ma abin lura ne. Mata da yawa kan sayi gida da kuɗinsu, kunya ko kara ta sa a rubuta sunan miji ko na wa. Ranar da ya rasu sai gidan ya faɗa cikin gadonsa, ita kuwa ta koma neman shaidu. Haka masu aiki a ƙasashen waje da ke aiko kuɗi a saya musu. Doka ba ta hana mace mallakar gida ba, Musulunci ma bai hana ba, saboda haka mai kuɗi shi za a rubuta. In mutum biyu suka haɗa kuɗi, a rubuta su duka da kason kowa. Wanda kuma ke so ya saya wa ƙaramin ɗansa ya sani Dokar Amfani da Ƙasa ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 21 ba izinin Gwamna kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa.

Da zarar an biya, a shiga gidan ko a sa mai gadi, in fili ne a kewaye shi, kuma a kai takardu ofishin ƙasa cikin makon nan, domin in aka sayar wa mutum biyu, wanda ya riga yin rajista da kyakkyawar niyya shi doka ta fi karewa. Wanda ya gane an damfare shi kuwa ya tattara rasit da takardun banki da sunayen shaidu, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko Hukumar EFCC, ya kuma sa lauyansa ya rubuta wa ofishin ƙasa a dakatar da duk wani ciniki a kan fayil ɗin har kotu ta yanke hukunci.